Filin Tambaya da Amsa: Ƙanƙarar da ke Ɓoye a Cikin Tsaunuka da Yadda Ake Sa Mata Ido

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato ƙanƙarar da ke daskare a cikin ƙasa da duwatsun manyan tsaunukan duniya, kuma kusan dukkansu daga ƙauyuka da ƙananan garuruwan Kano da Jigawa suka fito. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri, na kuma jera su yadda amsar kowace za ta share wa ta gaba hanya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa a watan Mayun 2025 dutse ya rufto ya binne wani ƙauye a Suwizalan, kuma an ce narkewar ƙanƙarar da ke cikin dutsen tana cikin abubuwan da suka jawo hakan. Ni a kan ƙasa na san ƙanƙara take kwanciya. Yaya za a yi ta kasance a cikin dutse, kuma me ya sa ake cewa ba ko'ina take ba a jikin tsauni ɗaya? (Daga wani malamin labarin ƙasa, ƙaramar hukumar Gwaram)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙauyen da ka ji labarinsa shi ne Blatten, kuma za mu isa gare shi nan gaba, amma bari mu fara da tushen maganar. Masana suna cewa ƙasa ko dutse ya daskare na dindindin idan zafinsa ya tsaya a digiri sifili ko ƙasa da haka a ma'aunin Selsiyos har shekara biyu a jere ko fiye. Idan akwai ruwa a tsagar dutsen ko a tsakanin tsakuwa, ruwan zai zama ƙanƙara ya riƙe duwatsun da juna; idan babu ruwa, dutsen yana nan a daskare amma busasshe. A saman wannan daskararriyar ƙasa akwai wani ɓawo da yake narkewa duk lokacin zafi ya sake daskarewa da hunturu, kaurinsa yakan kai mita kaɗan, shi ya sa wanda ya taka wurin a watan Agusta busassun duwatsu kawai zai gani, alhali ƙanƙara tana ƙarƙashin ƙafarsa.

Irin wannan ƙasa tana ƙarƙashin kimanin kashi 15 cikin 100 na doron ƙasar da ke rabin duniya na arewa. A arewacin Saberiya da Kanada da Alaska a shimfiɗe take ba yankewa, kuma a wasu sassan Saberiya zurfinta ya haura mita 1,000. A tsaunuka kuwa lamarin ya sha bamban. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, amma tsawo ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. A tsaunukan Alps na Turai, gangarar da ta fuskanci arewa, wadda rana ba ta cika dukanta ba, takan fara daskarewa daga wajen mita 2,500, yayin da wadda ta fuskanci kudu sai an haura mita 3,000, a miƙaƙƙen bangon dutse ma fiye da haka. Ke nan tsauni ɗaya yana iya zama daskararre ta wannan fuska, narkakke ta waccan, iyakar da ke tsakaninsu kuma a karkace take a can cikin dutsen.

Dusar ƙanƙara ita ce ta fi rikita lissafin. Mai sayar da ƙanƙara a kasuwar ƙauye da azumi yakan lulluɓe kayansa da buhu da garin katako domin su hana zafi ratsawa, dusar ƙanƙara ma haka take hana zafi ratsawa, sai dai ita tana aiki ta ɓangare biyu. Idan ta zuba da kauri tun farkon hunturu, takan kulle ɗumin da ƙasa ta tara a lokacin zafi, ta hana sanyin hunturu shiga, sai ƙasar ta ƙare shekara da ɗumi. Idan ta makara, ko iska ta share ta daga kan wani tudu, sanyi yakan ratsa ƙasa da zurfi. Wadda kuma ta taru a gindin gangara ta daɗe ba ta narke ba, takan kare ƙasa daga ranar bazara. Wurare biyu da tazararsu ba ta wuce taku ashirin ba suna iya bambanta da digiri biyu ko uku saboda wannan kaɗai.

Akwai kuma girman duwatsun da suka rufe wurin. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da hunturu takan gangara ta cika ramukan da ke tsakanin manyan duwatsu, da zafi kuma iska mai ɗumi ba ta iya sauka ta kore ta. Wannan ne ya sa ake samun tsibiran daskararriyar ƙasa a inda ba a zato, kamar a Creux-du-Van da ke tsaunukan Jura a Suwizalan, a tsawon kimanin mita 1,200 kacal. Injiniyoyin ƙasar Sin sun yi amfani da wannan ɗabi'a da gangan a layin dogon Tibet da aka buɗe a 2006, wanda kimanin kilomita 550 daga cikinsa a kan daskararriyar ƙasa yake, inda suka jibge fasassun duwatsu a ƙarƙashin layin da gefensa domin ƙasar ta zauna a daskare.

TAMBAYA: Ina aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse. Kafin mu haƙa, mukan kafa turakun ƙarfe a ƙasa mu haɗa su da waya, a tura wutar lantarki domin a gano inda ruwa yake. Wani ɗalibin jami'a ya ce mini da irin na'urarmu ake neman ƙanƙara a tsaunukan Turai. Shin gaskiya ne, kuma me ya hana su haƙa kawai su gani? (Daga wani ma'aikacin haƙar rijiya, Sumaila)

AMSA: Gaskiya ɗalibin ya faɗa maka, Malam, kuma kai da abokan aikinka kun fi kowa saurin gane wannan batu, domin a yankinku, inda ƙasa take kan tsohon dutse mai tauri, ruwa a tsagu da ruɓaɓɓen dutse yake maƙalewa, ana samunsa a wannan gona a rasa shi a ta kusa, saɓanin gabashin Jigawa inda yake kwance a cikin yashi mai faɗi.

Suna haƙawa, kuma haƙar ita ce ginshiƙin aikin. A 1987 aka haƙa wata rijiya mai zurfin kimanin mita 60 a Murtèl-Corvatsch da ke yankin Engadin a Suwizalan, aka zura igiya mai ɗauke da na'urorin auna zafi a zurfafa daban-daban, kuma bayanan da ake tattarawa daga wannan wuri su ne mafi tsawo a tarihin awon daskararriyar ƙasar tsaunuka. A ƙarshen shekarun 1990 wani shiri na Tarayyar Turai mai suna PACE ya haƙa rijiyoyi masu zurfin mita 100 a jere, tun daga tsibiran Svalbard a can arewa har zuwa tsaunukan Sierra Nevada a Sifaniya. A shekarar 2000 kuma Suwizalan ta kafa cibiyar PERMOS domin awon ya ɗore ko da an gama wani bincike. Zurfin yana da dalili. Bambancin rana da dare ba ya ratsa ƙasa sosai, bambancin hunturu da bazara kuma yakan ɓace a wajen mita 15 zuwa 20, saboda haka duk canjin da aka gani a wannan zurfi alama ce ta sauyin yanayi na shekaru. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa rijiyoyin duniya, ya nuna cewa daga 2007 zuwa 2016 daskararriyar ƙasa ta ƙara ɗumi da kimanin digiri 0.29, ta tsaunuka kuma da kimanin 0.19.

To me ya hana a tsaya a nan? Dalili na farko ka san shi: rijiya labarin inda aka haƙa ta kawai take bayarwa, kuma a can sau da yawa jirgi mai saukar ungulu ne yake kai injin haƙa, don haka ba za a cika tsauni da rijiyoyi ba. Domin a faɗaɗa gani, masani Wilfried Haeberli ya ɓullo da wata dabara mai sauƙi a 1973. A ƙarshen hunturu, inda dusar ƙanƙara ta kai kaurin kusan mita ɗaya, akan soka doguwar sanda mai ma'auni a bakinta har ta taɓa ƙasa. Idan sanyin ya wuce digiri uku a ƙarƙashin sifili, akwai kyakkyawan zaton daskararriyar ƙasa a wurin. Idan bai kai digiri biyu a ƙarƙashin sifili ba, da wuya a same ta. A yau akan binne ƙananan na'urori masu batir, waɗanda ba su fi ɗan yatsa girma ba, su yi ta rubuta zafin fuskar ƙasa duk bayan sa'o'i kaɗan har shekara ta zagayo.

Dalili na biyu shi ne wanda nake so masu karatu su riƙe, domin shi ne ya sa na'urar auna zafi kaɗai ba ta isa ba. Ƙanƙara ba ta narkewa sai ta sha zafi mai yawa, kuma duk tsawon lokacin da take shan wannan zafi ma'auni yana tsaye a kusa da sifili. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara daidai yake da wanda zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa kusan digiri 80. Saboda haka a wurin da ƙasar take dab da narkewa, mai awo yana iya shafe shekaru yana ganin lamba ɗaya ya ɗauka lafiya lau, alhali ƙanƙarar tana komawa ruwa a hankali. Wuraren da suka fi nuna ƙarin ɗumi a ma'auni su ne masu tsananin sanyi da ƙarancin ƙanƙara, waɗanda suka fi kusa da narkewa kuwa su ne suka fi yin shiru.

A nan na'urarku take shiga. Ruwa mai ɗauke da gishirin ƙasa yana barin wutar lantarki ta wuce, ƙanƙara kuwa tana hana ta, har turjiyarta takan ninka ta jiƙaƙƙiyar ƙasa sau ɗaruruwa ko dubbai. Ku inda turjiya ta faɗi kuke nema, su kuma inda ta hau suke nema. Sukan jera turaku masu yawa a layi ɗaya, kwamfuta ta fitar da hoton cikin ƙasa kamar an yanka ta ta gefe, kuma a wasu wurare, kamar tsaunin Schilthorn na Suwizalan, an bar turakun a kafe tun 1999 domin a riƙa maimaita awon a daidai wuri ɗaya. A wannan tsauni, a bazarar 2003 mai tsananin zafi, ɓawon da yake narkewa ya kusa ninka kaurinsa, ya kai kusan mita 9, kuma awon lantarki ya nuna cewa ƙanƙarar da aka rasa a wannan shekara ba ta dawo ba a shekarun da suka biyo baya nan kusa, ko da yake ma'aunin zafi ya koma kusa da inda yake.

Ita ma wannan na'ura tana da inda take kuskurewa, domin iskar da ke cikin ramukan duwatsu tana hana lantarki wucewa kamar yadda ƙanƙara take hanawa. Maganin shi ne a haɗa ta da awon girgiza: a daki dutse da babbar guduma, na'urorin da aka jera su auna saurin da girgizar ta yi kafin ta iso gare su. Girgiza tana tafiyar kimanin mita 330 a daƙiƙa a cikin iska, 1,500 a ruwa, 3,500 a ƙanƙara. Idan aka haɗa sakamakon awon biyu, kamar yadda Christian Hauck na Jami'ar Fribourg da abokan aikinsa suka tsara, ana iya ƙiyasta kason dutse da na ƙanƙara da na ruwa da na iska a kowane sashe na cikin gangarar.

TAMBAYA: Ɗiyata da take karatu a jami'a ta nuna mini hoton wasu tarin duwatsu masu siffar harshe a gindin tsauni, ta ce wai tafiya suke yi. Duwatsu suna tafiya da kansu? (Daga wata malamar Islamiyya, Kazaure)

AMSA: Malama, ɗiyarki ta yi gaskiya, sai dai abin da yake tafiyar da su ƙanƙara ce da nauyi. Abin da kika gani shi ne kogin duwatsu. Baraguzan da suke faɗowa daga bangon tsauni shekaru dubbai sukan taru, ruwa da dusar ƙanƙara su shiga tsakaninsu su daskare, har ƙanƙarar ta fi ƙarfin cika ramuka ta zama ita ce take ɗauke da duwatsun. Ƙanƙara tana da tauri a hannu, amma idan nauyi ya danne ta na dogon lokaci a kan gangara takan lanƙwashe ta ja jiki a hankali, sai dukan tarin ya sauko da ita, gabansa a tsaye, bayansa da kunya-kunya masu lanƙwasa. Rijiyar Murtèl da na ambata a cikin irin wannan kogi aka haƙa ta. An tarar da manyan duwatsu kimanin mita 3 a sama, sannan kusan zallar ƙanƙara har zuwa wajen mita 30, kuma a wani siririn sashe da ke wannan zurfi ne mafi yawan motsin yake faruwa.

Yawancin waɗannan koguna daga santimita kaɗan zuwa mita ɗaya ko biyu suke yi a shekara. Hanyar farko ta auna su ita ce a shafa wa wasu manyan duwatsu fenti, a dawo kowace shekara da na'urar safiyo a ga inda suka kai. A kogin duwatsu na Hochebenkar da ke Ostiriya an fara irin wannan awo tun 1938, a Laurichard na Faransa kuma tun 1979. Yanzu akan ɗaure na'urar GPS a jikin dutse ta riƙa aiko da matsayinta kullum, sai aka gano cewa motsin yana da nasa yanayi: yakan ƙaru idan ruwan narkewa ya shiga ciki, ya kai ƙololuwa a ƙarshen lokacin zafi, ya ragu a ƙarshen hunturu. Daga sama kuma, taurarin ɗan'adam na Sentinel-1, waɗanda Turai ta fara harbawa a 2014, suna aiko da igiyar rada su karɓi amonta, kuma idan aka gwada hotuna biyu da aka ɗauka kwanaki kaɗan tsakani ana iya gane motsin santimita kaɗan a kwarurrukan da ba wanda yake zuwa. Wannan hanya ba ta aiki idan dusar ƙanƙara ta rufe wurin, kuma ta fi ganin motsin gabas da yamma a kan na kudu da arewa, shi ya sa ba ta maye gurbin mai hawa tsauni da ƙafarsa ba.

Tun daga shekarun 1990 kogunan duwatsun Alps suka ƙara sauri, da yawansu sun ninka, kuma sukan hanzarta tare su lafa tare ko da suna kwarurruka daban-daban, abin da yake nuna cewa yanayi ne yake juya su. Ƙanƙara mai ɗumi ta fi taushi, ruwan da ke cikinta kuma yana ƙara mata santsi. Saboda haka a 2022 tsarin duniya na lura da yanayi ya sanya saurin kogunan duwatsu cikin ma'aunan da ake bibiya a hukumance.

Muhimmancinsu ya fi fitowa a busassun tsaunuka. A arewacin Cile da yammacin Ajantina, da wasu sassan tsakiyar Asiya, akwai kwarurrukan da ba su da farin kogin ƙanƙara ko kaɗan, wato tulin zallar ƙanƙara mai jan jiki a kan gangara, ƙanƙarar da suke da ita a cikin waɗannan duwatsu take, kuma saboda duwatsun suna kare ta daga rana takan narke a hankali, ta ba ƙoramu ɗan ruwa a ƙarshen rani lokacin da aka fi buƙata. Ajantina ta kafa doka a 2010 domin kare kogunan ƙanƙara har da na duwatsu, ta kuma sa aka ƙidaya su, inda ƙidayar da aka kammala a 2018 ta sami kusan 17,000 idan aka haɗa duka nau'o'in. Ruwan ba koyaushe yake da kyau ba: a yankin Tyrol da ke tsaunukan Alps an sami maɓuɓɓugan da suke fitowa daga kogunan duwatsu ɗauke da sinadarin nikel fiye da yadda aka yarda a ruwan sha, don haka ingancin ruwan ma yana cikin abin da ake aunawa.

TAMBAYA: Akwai irin wannan a Najeriya ko a Afirka? (Daga wani makiyayi, Doguwa)

AMSA: Babu a Najeriya, ɗan'uwa. Tsauninmu mafi tsawo, Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne, kuma a kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, irin inda muke, sai an doshi mita 5,000 kafin ƙasa ta daskare shekara da shekaru. A Afirka an auna daskararriyar ƙasa a kusa da ƙololuwar Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895. Misalin da ya fi nuna halin wannan ƙasa a yankuna masu zafi shi ne Mauna Kea a Hawayi, inda masani Alfred Woodcock ya gano wani ɗan yanki daskararre a 1969 a cikin inuwar ramin tsohon aman wuta, alhali sauran ƙololuwar ba ta daskare ba. Da aka koma aka sake aunawa bayan fiye da shekara arba'in, an tarar da shi yana nan amma ya ragu ƙwarai.

TAMBAYA: Mu ambaliya ce take cinye mana shinkafa. Wane amfani awon ƙanƙarar Turawa zai yi mana, kuma shin ya taɓa ceton ran wani? (Daga wani dattijo manomi, Auyo)

AMSA: Baba, Allah ya mayar da alherin abin da aka rasa. Bari in fara da tambayarka ta biyu. A Blatten, masu lura da tsauni sun ga gefen dutsen Kleines Nesthorn yana motsi yana zubar da duwatsu a kan kogin ƙanƙarar Birch da ke ƙarƙashinsa. A ranar 19 ga Mayu, 2025 aka gama kwashe mazauna ƙauyen, kimanin mutum 300, har da dabbobinsu. A ranar 28 ga wata kogin ƙanƙarar ya kasa ɗaukar nauyin ya ɓalle, kimanin kubik mita miliyan 9 na dutse da ƙanƙara suka binne mafi yawan ƙauyen, kuma mutum ɗaya ne ya rasu. Masana suna lissafa ɗumamar daskararren dutsen tare da raunin tsarin dutsen kansa cikin abubuwan da suka haɗu suka jawo wannan. Ka gwada da Chamoli a arewacin Indiya, inda a ranar 7 ga Fabrairu, 2021 kimanin kubik mita miliyan 27 na dutse da ƙanƙara suka ɓalle daga tsaunin Ronti, mutum fiye da 200 suka mutu ko suka ɓace, yawancinsu ma'aikatan tashoshin wutar lantarki. Da aka koma ga tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, an ga cewa tsagar ta fara buɗewa tun 2016, sai dai babu wanda aka ɗora wa aikin dubawa. Awo ba ya hana kowace asara, domin lokacin da tsaunin Piz Cengalo da ke kan iyakar Suwizalan da Italiya ya rufto a 2017 ana lura da dutsen, kuma na'urar gargaɗi ta yi aiki a ƙauyen Bondo, amma matafiya takwas da suke kan hanyar tsaunin sun rasu. Duk da haka tazarar da ke tsakanin Blatten da Chamoli ta isa hujja.

Game da amfaninsa gare mu, ba zan ce maka narkewar ƙanƙarar Alps ce take kawo ruwa Auyo ba, domin ruwan kogin Hadeja daga damina yake da kuma abin da madatsun Tiga da Challawa suka saki. Abin da ya haɗa mu da su biyu ne. Na farko, ɗumamar da take sassauta duwatsunsu ita ce take sa iska ta ƙara ɗaukar danshi, kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, ta sauke shi da ƙarfi a lokaci guda, kuma rijiyoyinsu suna cikin shaidun da suka fi tsabta a kan wannan ɗumama saboda nesa suke da birane da masana'antu. Na biyu shi ne tsarin aikin. Mutanen Blatten sun tsira ne saboda akwai masu awo na yau da kullum, akwai hukumar da take karanta sakamakon, akwai kuma jama'ar da suka yarda suka tashi da aka ce su tashi. A ganina ma'aunin ruwan kogi a Wudil ko Hadeja, idan ana karanta shi kullum ba fashi kuma labarin yana isa ga mai unguwa da limami kafin ruwan ya iso, aiki iri ɗaya yake yi da na'urar da ke jikin wancan dutse, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa ba. Bayan abin da Jigawa ta gani a daminar 2022, wannan abu ne da ya cancanci manoma su riƙa tambayar wakilansu a kansa.

TAMBAYA: Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare. Za mu iya gwada wani abu daga cikin wannan awo a makarantarmu? (Daga wata ɗaliba, Ringim)

AMSA: Za ku iya, 'yata, kuma za ku ga ƙa'idojin da idonku ko da babu ƙanƙara. Ku nemi ma'aunin zafi mai doguwar waya daga ɗakin gwaje-gwaje, ku binne bakinsa a zurfin santimita 10 da 50 da 100, wuri ɗaya a fili, wani kuma a inuwar bishiya ko a ƙarƙashin tarin duwatsu, sannan ku mayar da ƙasar ku danne ta yadda take. Ku riƙa karantawa da sassafe da kuma bayan azahar, a lokaci ɗaya kullum. Za ku tarar cewa na sama yana hawa da sauka sosai tsakanin safe da rana, na santimita 50 da ƙyar yake motsi a yini, na mita ɗaya kuma sai bayan makonni yake bin sawun zafin Afrilu ko sanyin Janairu. Wannan jinkiri ne ya sa ruwan rijiya mai zurfi yake da ɗumi da asubar hunturu. Bambancin da za ku gani tsakanin fili da inuwa kuwa shi ne ainihin abin da yake rarraba daskararriyar ƙasa a tsaunuka. A kowane layi na littafinku ku rubuta kwanan wata da lokaci da zurfi da ko an yi ruwa, kada ku canza wurin na'urar ko da an haƙa kusa da ita, ranar da ba a karanta ba kuma ku bar gurbinta fanko maimakon ku cika da ƙiyasi. Idan za ku kammala makaranta, ku miƙa littafin ga malamar kimiyya domin ajin da ke bayanku su ci gaba daga shafin da kuka tsaya.